Na Bi Sawun Rangwamen Haraji A Kan Kuɗin Makarantar 'Ya'yana A Kano

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ake ta yaɗa magana a majalisu da zaurukan WhatsApp, wai duk ma'aikacin da ya kai rasitan kuɗin makarantar 'ya'yansa za a rage masa harajin albashi. Na bi maganar nan da ƙafata, daga makarantar yara zuwa ofishin akantan wurin aikinmu, har ofishin haraji na jiha. Amsar da na samo ita ce, a Najeriya kuɗin makaranta ba ya rage wa mutum ko kwabo daga harajinsa. Sai dai a hanya na tarar da wani rangwame na gaske, wanda mu masu zaman haya da yawa muke bari yana wuce mu. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, kada wani uba ya ɓata kuɗin mota da lokacin aikinsa a kan abin da babu shi.

Ni mai kula da sito ne a wata masana'anta a Sharaɗa, albashina naira 350,000 a wata kafin a cire komai. Ina da yara uku a wata makarantar kuɗi ta unguwarmu, babbar 'yata kuma tana aji biyu a Jami'ar Bayero. Idan na haɗa kuɗin zango uku na ƙananan da rajistar yayarsu, abin yana kai naira 850,000 a shekara, ban da littattafai da kayan makaranta da kuɗin adaidaita sahu. Jita-jitar WhatsApp ita kaɗai ba za ta tayar da ni daga wurin aiki ba. Ƙanena da ke zaune a Amurka ne ya sa na ɗauki abin da muhimmanci. Muna waya ina yi masa ƙorafin kuɗin zango na biyu, sai ya ce, "Yaya, ai ni nan idan na biya wa yarona kuɗin jami'a, gwamnati tana rage mini haraji. Ka bincika, ƙila sabuwar dokarku ta zo da irinsa." Ya yi mini bayani sosai. A can jami'a ce ke aiko da wata takarda mai lamba 1098-T wadda ke nuna abin da aka biya, shi kuma ya haɗa da ita lokacin da yake cike bayanan harajinsa na shekara. Akwai rangwamen da ke kaiwa dala 2,500 a kan kowane ɗalibi a shekaru huɗu na farkon jami'a, akwai kuma wani na dala 2,000 ga masu ƙaro karatu. Ya ƙara da cewa ko a can ma waɗannan biyun na karatun gaba da sakandare ne, ba su shafi firamare ba. Da na ajiye wayar na yi lissafi a bayan wata takarda, na ga idan da za a cire dubu 850 ɗin nan daga kuɗin da ake caje ni haraji a kai, zan tsira da sama da naira 150,000 a shekara. Ga mai albashi irin nawa wannan kuɗin zango guda ne na yara biyu.

Na fara da tattara shaida. Makarantar yaran ba ta ba da wahala sosai ba, amma ta ci lokaci. Wasu biyan ta banki na yi su, wasu ta mai POS na ƙofar makaranta, kuma takardar POS ba ta daɗewa rubutunta yake gogewa. Na je da safe lokacin ana tsakiyar hunturu, na tarar da layin iyaye masu neman a ɗaga musu ƙafa a kan kuɗin zango, na zauna a benci har aka zo kaina. Ma'ajin makarantar ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Baban yara, ba kai ne na farko da ya zo da wannan buƙata a watan nan ba." Ya duba babban littafinsu, ya yi mini wasiƙa guda a takarda mai tambarin makaranta wadda ta jera duk abin da na biya a shekara, shugaban makaranta ya sa hannu washegari. An karɓi naira 1,000 kuɗin bugawa. Na babbar 'yata ya fi sauƙi, domin jami'o'in tarayya ta Remita ake biyansu, rasit ɗin yana nan a intanet. Ta tura mini lambar biya, na shiga wani shagon kwamfuta a Kabuga aka buga mini, na yi fotokwafin komai bibbiyu. A shagon ne wani matashi da ya leƙa takarduna ya matso ya ce shi yana yi wa mutane "aikin dawo da haraji", in ba shi naira 15,000 da lambar BVN ɗina, cikin mako biyu zan ji alat. Na yi masa godiya na tattara takarduna na fita. Duk wanda ya ji irin wannan tayi ya riƙe kuɗinsa, ya kuma riƙe lambobinsa.

Daga nan sai ofishin akantan kamfaninmu, wanda shi ke cire mana haraji daga albashi duk wata ya aika wa gwamnati, tsarin da ake kira PAYE. Dattijo ne da ya daɗe a aikin. Ya karɓi fayil ɗin ya buɗe shafi-shafi, ya rufe, ya ce, "Malam, ka yi aiki mai kyau, amma ba ni da gurbin da zan sa wannan." Ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mini yadda ake lissafin nawa. Albashina na shekara naira 4,200,000 ne. Ana fara cire kashi 8 cikin 100 na fansho, wato 336,000, sai ya rage 3,864,000. Dubu 800 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cajinsu kashi 15 cikin 100, ya ba da 330,000. Ragowar 864,000 ana cajinsu kashi 18, ya ba da 155,520. Jimla 485,520 a shekara, wato 40,460 a wata, daidai abin da nake gani a takardar albashina ta Janairu. Ban taɓa zama an warware mini wannan lissafi ba duk shekarun da na yi ina aiki, kuma ina ganin haƙƙin kowane ma'aikaci ne ya nemi a yi masa haka.

Na tambaye shi to ina aka samo maganar kuɗin makaranta. Ya ce tana da asali, amma tsohon zance ne. A dokar harajin mutum ta da, akwai alawus na naira 2,500 a kan kowane yaro, har yara huɗu, muddin yaron bai kai shekara 16 ba ko yana karatu. A 2011 aka shigo da dunƙulallen rangwame na naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 na albashi, daga baya aka soke alawus ɗin yaran gaba ɗaya. Ita kuma sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta kawar da dunƙulallen rangwamen shi ma, ta kawo wannan tsari na dubu 800 da ba a taɓawa. Na ce to idan kamfani ne ya biya wa ma'aikaci kuɗin makarantar 'ya'yansa kai tsaye fa? Ya ce wannan ma ƙari ne a kan albashi a idon doka, za a haɗa a caje shi haraji. Da ya ga jikina ya yi sanyi sai ya ce in je ofishin haraji in ji da kunnena, zuwa da kai ya fi aike. Ya kuma ja kunnena cewa na jiha zan je. Hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS yanzu ta koma NRS, ita ke kula da harajin kamfanoni da VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan abin da mutum ya saya, da na irin su sojoji da 'yan sanda. Harajin albashin ma'aikaci kamar ni na jihar da yake zaune ne.

Na ɗauki izinin rabin yini na tafi babban ofishin Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano, KIRS, da ke titin Bank Road. Adaidaita biyu na hau daga Sharaɗa. Na tarar da jama'a da yawa, domin lokacin ne kamfanoni ke kai bayanan ma'aikatansu na shekara, wanda wa'adinsa ƙarshen Janairu ne. A bakin ƙofa na faɗi abin da ya kawo ni, aka nuna mini sashen da ke kula da harajin albashi, na zauna jira. Abin da aka fara tambayata shi ne lambar NIN, wadda yanzu ita ce ke zama lambar shaidar haraji ta mutum, sai takardar albashi ta watan da ya wuce. Ban biya ko sisi ba a kan wannan tambaya, kuma babu wanda ya nemi in biya.

Wata jami'a ce ta saurare ni. Na gaishe ta na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, na zo ne a kan kuɗin makarantar yara." Ta duba wasiƙar makarantar da rasit ɗin Remita, ta ce, "Malam, Allah ya yi wa yaran albarka, amma doka ba ta lissafa wannan cikin abubuwan da ake cirewa ba." Sai ta ɗauki biro ta rubuta mini abin da ake cirewa kafin a caji haraji: kuɗin fansho, gudummawar asusun gidaje na ƙasa, kuɗin inshorar lafiya ta ƙasa, kuɗin inshorar rai na mutum ko na matarsa, kuɗin ruwan bashin da aka ci don gina gidan da mutum ke ciki, sai kuma rangwamen haya. Ta ce inda doka ta tausaya wa ilimi shi ne ta ɓangaren VAT, domin ba a ɗora wa mai saye kashi 7.5 ɗin nan a kan littattafan karatu da kuɗin makarantar nazare da firamare da sakandare. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zaune kusa da ni ya sa baki, ya ce shi da ba albashi yake ɗauka ba, ba zai iya sa kuɗin makarantar 'ya'yansa cikin kuɗin da shago ya kashe ba? Ta ce a'a, Alhaji, hidimar gida daban, hidimar kasuwanci daban. Hayar shago da albashin yaran shago da kuɗin dakon kaya ana cire su daga riba, amma kuɗin makaranta da cefane ba sa shiga.

Ina shirin tashi ta tambaye ni, gidan da nake ciki nawa ne ko haya? Na ce haya, naira 900,000 a shekara, kuma a Janairun nan na sabunta. Ta ce to ga inda haƙƙinka yake. Doka ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, amma abin da za a cire ɗin ba zai wuce naira 500,000 ba. Nawa ya kama 180,000. Na yi murna na ce ashe na ma fi abin da na zo nema. Ta yi saurin gyara mini, kuma wannan gyara shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Dubu 180 ɗin nan ba daga harajin ake cire su ba, daga kuɗin da ake caji haraji a kansu ake cire su. Tunda saman albashina a matakin kashi 18 yake, abin da zai dawo aljihuna shi ne kashi 18 na dubu 180, wato naira 32,400 a shekara, 2,700 a wata. Irin na ƙanena na Amurka kuwa daga cikin harajin kansa ake zare shi, dala a kan dala, shi ya sa nasa yake da nauyi. Mutane da yawa suna haɗa biyun nan wuri guda, sai su ji an ce dubu 500 su ɗauka kuɗi ne za a ba su a hannu. Ta ce in kawo shaidar biyan haya da yarjejeniyar haya in kai wa akantanmu, shi zai gyara lissafin wata-wata. Ta kuma tuna mini cewa kowane mai biyan haraji ya kamata ya cike bayanan kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata kafin 31 ga Maris, kuma wanda ake cikewa a 2026 na kuɗin 2025 ne, tsohuwar doka ce ke aiki a kansa, rangwamen haya bai shafe shi ba.

Samo takardar haya ya fi duk sauran matakan wuya. A Kano yawancinmu haya ta amana muke yi. Dillali ya haɗa ku, ka ba shi la'adarsa, ka tura wa mai gida kuɗi, shi ke nan sai baɗi. Shekara da shekaru ina gidan nan babu wata takarda tsakanina da mai shi. Dattijo ne mai mutunci a cikin gari, na same shi a zaurensa bayan la'asar, azumi ya riga ya kama. Da na ce, "Baba, rasit nake so da takardar yarjejeniya, zan kai ofishin haraji," sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Yaro, so kake ka kai sunana a rubuta?" Ya shiga ba ni labarin zamanin da dagatai da masu unguwanni ke bin gida-gida karɓar haraji, mutane suna gudu daga garuruwansu saboda shi, har Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano. Ga mutanen zamaninsa, duk takardar da ta haɗa sunanka da haraji abin gudu ce, kuma ban ga laifinsa ba. Ban yi masa alkawarin cewa babu wanda zai taɓa tambayarsa ba, domin kuɗin haya kuɗin shiga ne da doka ke cajin haraji a kai, kuma bai dace in rufe shi don in sami biyan buƙatata ba. Na faɗa masa gaskiyar abin da takardar za ta ƙunsa, na ce idan bai yarda ba na haƙura, zaman lafiyarmu ya fi naira 2,700. Ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara da ɗansa. Bayan kwanaki ɗan nasa ya kira ni, muka zauna da dillalin da ya haɗa mu tun farko, aka rubuta yarjejeniya mai shafi biyu: sunan mai gida da na ɗan haya, adireshin gida, adadin kuɗi, ranar farawa da ta ƙarewa, shaidu biyu suka sa hannu. Aka ba ni rasit na naira 900,000 cif. La'adar dillali da kuɗin gyaran famfo da na yi ba su shiga ba, domin ba haya ba ne. Na haɗa da takardar banki da ke nuna ranar da na tura kuɗin. Bugawa da fotokwafi da ɗan abin da na ba dillali na wahalarsa sun ci mini kusan naira 5,000.

Na kai wa akanta, ya ba ni wani fom na cike, ya ajiye kwafin takardun a fayil ɗina. A albashin Maris harajina ya sauko daga 40,460 zuwa 37,760, ya ce na watanni biyun da suka wuce zai daidaita su a lissafin shekara. Da babu gara ba daɗi. Da labarin ya bazu a masana'anta sai ga abokan aiki suna zuwa sito suna tambayata, kuma mafi yawansu matsalarsu ɗaya ce da tawa, babu rasit. Waɗanda ke zaune a gidan gado ko gidan kansu kuwa wannan rangwame bai shafe su ba.

Game da karatun babbar 'yata, sauƙin da muka samu daga wata ƙofa daban ya zo, wato asusun bashin karatu na NELFUND da aka kafa da dokar 2024. Ita ta cike da kanta a waya, da lambar JAMB da NIN da BVN da lambar rajistarta ta jami'a. Asusun yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata idan ya nemi kuɗin kashewa. Abin da ya kwantar mini da hankali na amince shi ne babu kuɗin ruwa a ciki, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa. Amma bashi ne, sunan yarinyar ne a kai, don haka sai da muka zauna da ita da mahaifiyarta kafin ta tura. Na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, ƙannenta uku na makarantar kuɗi suna nan a wuyana kamar yadda suke.

Har yanzu abin yana damuna, kuma ba zan ɓoye ba. Dokar ta gane cewa haya nauyi ce, ta gane inshora da bashin gina gida, amma ba ta ga uban da ke raba albashinsa da makaranta ba. Babu wanda ke kai ɗansa makarantar kuɗi a unguwanninmu don alfahari. Cunkoson azuzuwan makarantun gwamnati ne ke kora mu, kuma gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Uban da ya ɗauke wa gwamnati nauyin yara uku ya cancanci a ce ko kashi 20 na abin da ya biya an cire masa, da iyaka, kamar yadda aka yi wa haya. Majalisar tarayya ce ke da ikon gyara wannan, ma'aikatan ofishin haraji aiwatarwa kawai suke yi, saboda haka wakilanmu da ƙungiyoyin ƙwadago da na iyayen yara ne ya kamata su ji wannan koke.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da akantan wurin aikinsa kafin ya je ko'ina, ya nemi a warware masa lissafin harajinsa a gabansa. Kada ya wahalar da kansa neman wasiƙar makaranta saboda haraji, ko da yake adana rasitan yana da amfani idan saɓani ya taso da makaranta. Idan ɗan haya ne, ya nemi rasit da rubutacciyar yarjejeniya a ranar da yake biya, lokacin da kuɗin ke hannunsa, domin a lokacin ne mai gida ya fi sauƙin amincewa, kuma ya biya ta banki don a sami shaida ta biyu. Ya lissafa abin da zai samu tukuna: kashi 20 na hayarsa, sannan kashi 15 ko 18 ko sama da haka na wannan, gwargwadon matakin albashinsa. Wanda kuɗin shigarsa bayan an cire fansho bai wuce naira 800,000 a shekara ba, babu harajin da za a rage masa tun asali, bai kamata ya kashe ko kuɗin fotokwafi ba. Mai zuwa ofishin haraji kuma ya tafi da safe, ya riƙe katin NIN da takardar albashinsa ta ƙarshe, ya kauce wa makon ƙarshe na Janairu da na Maris, lokacin da cunkoso ya fi yawa.